Alhaji Awo na Kano

Tukur Tela na Ƙofar Taramniya bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma da ya haƙura bai kai ɗin ba da unguwa ta huta. Laifin na Muhsina ne, ɗiyar yayarsa Hajiya Dijatu. Ita ce ta gama jami'a ta dawo da kwali cike da littattafan Turanci irin na samari da 'yan mata, ta ajiye a shagonsa saboda ɗakinta na yoyo. Tukur ya zaro ɗaya don ya tokare ƙafar keken ɗinki, sai hoton bangon ya ja shi. Daga ranar yadin mutane ya shiga uku.

Turancinsa na aji uku ne, yana nan inda ya bar shi ranar da makaranta ta gaji da shi. Da ɗan yatsa yake bin layi, kalma mai wuya kuwa tsallake ta yake kamar kwata. Amma da yamma, idan majalisa ta cika a ƙofar shago, sai ka rantse shi ya rubuta littattafan.

Ya dubi amininsa Jelani mai albasa ya ce, "Jelani, ka ji ɗiyan Turawa. Yaro gemu bai hito mai ba, shi ɗauki motar ubanshi ba sallama, shi kwashi aboki da budurwa su kama hanya, wai za su nemo kansu. Kansu hwa! Ina sunka aje shi? Kuma duk tahiyar ba taya ta hwashe, ba wanda yat tare su yac ce ina takardu. Sai kuka da tonon asiri bakin teku. Ni da ni na, kahin la'asar na gano kaina na dawo."

Jelani ya ce, "Ka hwara gano wandona da nib ba ka tun Sallah ƙarama."

"Ɗaya littahin kuwa makarantar 'yan leƙen asiri ta. Yarinya ba ta iya dama hura ba, amma tana buɗe kwaɗo da tsinken kitso. Sun yi ƙoƙari, ban hana su ba. Sai dai aikinsu da gyara. Wanga aiki baiwa ta, kuma Allah Ya san inda Yaz zuba ta."

Tukur ya faɗi haka yana dafa ƙirji, don kada wani ya yi kuskuren wurin.

Ana cikin haka maganar auren Muhsina ta taso. Ita ta zaɓo abinta: Saifullah, malamin lissafi, ɗan wani gidan malamai a Gidan Igwai. Manyansa sun aiko gaisuwa, saura a yi bincike kamar yadda aka saba kafin a ba su rana. Baffanta da ya kamata ya je ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Hajiya Dijatu ta duba gabas ta duba yamma, ba namiji a tsaye sai Tukur. Ta yi salati, ta aika a kira shi.

Ta ce, "Tukur, buɗe kunnuwanka duka biyu. Ka tahi Gidan Igwai ka yi azahar masallacinsu. Ka gaisa da mutane, ka ji mi aka hwaɗi bisa yaron da gidansu, ka dawo. Shi ke nan. Mutanen ga malamai na, ba su ɗaukar raini. In ka ɓata ma ɗiyata aure, wallahi da almakashinka zan rage ma kunne."

"Yaya, kin kawo aiki inda mai shi yake. Wanga shi aka kira aikin ƙarƙashin ƙasa."

"Bisa ƙasa nika son ka yi shi."

Muhsina ta biyo shi har zaure, idonta ya kawo ruwa. "Kawu, don girman Allah, littattafan nan ƙagaggu ne. An ma rubuta a shafin farko."

Tukur ya yi murmushin tausayi. "Ɗiyata, haka aka rubutawa don a ɓad da abokan gaba. Ke dai ki hwara zaɓen anko."

Daga Ƙofar Taramniya zuwa Gidan Igwai, mai Keke Napep zai kai ka kafin kokon da ka saya ya huce. Amma Tukur bai taɓa ganin inda jarumin littafi ya shiga Keke ba. Tafiya sai da mota, da aboki, da guzuri. Motar ta samu: tsohuwar akori-kurar Jelani da yake jigilar albasa. Guzuri ya haɗu: dabino, ƙuli-ƙuli, jarkar ruwa da bargo, don a littafin yaran sun lulluɓa da bargo a bayan mota. Cewa su ƙasarsu ƙanƙara ke zuba, shi kuma tasa kwalta ke narkewa, wannan yana cikin shafukan da ya tsallake.

Saura ɓad da kama. Ya zura babbar rigar wani da aka kawo gyara, ya ɗora baƙin gilashi, ya liƙa takardar alawa mai ruwan zinare a haƙori ta zama haƙorin Makka. Sunansa daga yau Alhaji Faruk, dillalin atamfa daga Kano.

Jelani ya ce, "Hwaruku?"

"Faruk! Da leɓe aka yin shi. Bakano ba ya cewa hura, fura yake cewa. Ba ya cewa awo, eh yake cewa. Saurara ka ƙaru."

Ya tsaya gaban madubin shago yana ta "fura, fili, fita, fuska," yana feshi, har Lantana mai ƙosai ta leƙo ta tambaya ko wuta yake hurawa ta kawo masa kananzir.

Tunda aikin na sirri ne, sai ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowannensu gefe yana rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Saboda haka da hantsi unguwa ta fito kaf rakiya, har da matan da ke leƙe ta katanga. Da ma motar ba ta tashi sai da turi, ga masu turi Allah Ya kawo.

Lantana ta ɗaga matsami ta ce, "Alhajin Kano, a gaida mutanen Gidan Igwai!"

Tukur ya zabura. "Wa yac ce miki can za mu?"

"Kai."

Suka kama hanya. Tukur ya hana a bi miƙaƙƙiya, ya ce ɗan leƙen asiri ta bayan gari yake zagayawa. Rana ta take, gilashin motar ba ya sauka, albasar da ta shekara tana ruɓewa a ƙarƙashin kujera ta fara aikinta. Hawaye suka ɓalle wa su biyun. Tukur ya ji daɗi, don daidai nan ne a littafi ake kuka.

Ya share ido ya ce, "Jelani, lokacin tonon asiri ya yi. Hwaɗa min sirrin da ke cin zuciyarka."

Jelani ya ce, "Motag ga ba ta da birki."

Tukur bai sake neman sirri ba har suka kai shataletale. A nan ya leƙa madubi ya ga wani mai Keke a bayansu yana ta hon yana ɗaga hannu.

"An biyo mu! Kar ka tsaya, zagaya!"

"Da ma ba ta tsayawa."

Suka zagaya, mai Keke ya zagaya. Suka sake, ya sake. Masu sayar da rake a gefe suka bar ciniki suna kallo, wani har yana ba su ƙarfin gwiwa. Suna ta juyi kamar an ɗaure su da igiya, sai motar ta yi tari, ta yi atishawa, mai ya ƙare. Mai Keke ya sha gabansu ya sauko yana haki, da bargo a hannu.

"Bayin Allah, bargonku na yah hwaɗi tun can baya! Wai ma wa ka lulluɓa da bargo cikin wanga zahi? Ko gawa kunka ɗauko?"

Haka Alhaji Faruk, babban dillalin atamfa, ya naɗe babbar rigar mutane ya tura akori-kura zuwa gidan mai, zufa na bin gemunsa. Aka kira azahar suna hanya, suka yi ta a gefen titi. Abu ɗaya tak da Hajiya ta aike shi ya yi a Gidan Igwai ke nan ya wuce. Sai bayan la'asar suka gangara unguwar, Jelani ya tsayar da motar da taimakon wani tudun yashi.

Tukur ya ce Jelani ya zauna a mota waya a kunne. Ya maƙala tasa a aljihu, ya ja igiyar sauraro ta cikin hannun riga, ya ba shi kalmomin sirri: gidan su Saifullah shi ne garke, Saifullah rago, ubansa tsohon bunsuru.

Jelani ya ce, "In an kama ka ban san ka ba."

"Haka aka so. Ka hwara koyo."

Kusa da masallaci, gindin wata bishiyar dogon yaro, wata mata Sadiyatu na dama fura. A bencin gefenta wani dattijo ne zaune da carbi, cikin farar riga wadda hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tukur ya gan shi dishi-dishi ta baƙin gilashi, zuciyarsa ta yi fari. Littafi ya ce tsohon da ke zaman banza a benci shi ya fi kowa sanin unguwa.

Ya yi sallama da muryar hanci, ya zauna, ya tattara leɓe ya ce, "A ba ni ffura."

Sadiyatu ta janye ƙwaryar nono daga feshin.

Dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi ya ce, "Sannu da zuwa. Alhaji daga Kano yake?"

"Awo!"

Ludayi ya tsaya a hannun Sadiyatu. Tukur ya ji kalmar ta fita, ba hanyar kamo ta.

"Wato... eh. Eh nake nufi. Awo kuwa, awo nake tunani. Awon atamfa. Sana'ata ce. Sunana Alhaji Hwa... Faruk."

Dattijo ya ja carbi ɗaya. "Madalla. Wace unguwa cikin Kano?"

"Bayan kasuwa."

"Na san ta. Unguwa mai albarka. Mi yak kawo Alhaji garinmu?"

Nan Tukur ya fito da babbar dabarar littafi: in kana son jin gaskiyar mutum, ka zage shi gaban maƙwabcinsa, sai maƙwabcin ya saki baki. Ya matso ya rage murya, irin ragewar da har mai gyaran babur na tsallaken titi ya ji.

"Akwai wani yaro Saifullah a nan. Shi an ce ba laifi. Amma uban! Baba, har Kano labarinsa ya kai. An ce marowaci ne, kazarsa ma sai ta yi rantsuwa kafin a ba ta tsaba. An ce in ya ja sallar asuba, surar da yake ɗaukowa mutane har barci suke a tsaye, wani ma sai da rana ta fito masa a raka'ar farko."

Sadiyatu ta dafe baki da gefen mayafi. Dattijo ya gyaɗa kai a hankali.

"Har Kano?"

"Har bayan kasuwa."

"Allah Sarki. Sai mi kuma anka ce? Ƙara min, ina ƙaruwa."

Tukur ya ƙara. Ya ƙara har da abin da bai shirya ba, don shi baki in ya buɗe ba shi da maraba da motar Jelani. Da ya gaji ya kafa kai ya ja fura. Da ya ɗago sai Sadiyatu ta leƙa kwanon.

"Alhaji, Makkarka ta hwaɗa cikin hura."

Takardar alawa na yawo a kan nono tana ƙyalli. Tukur ya miƙe da sauri ya ce zai amsa waya daga Kano. Ya koma jikin katangar masallaci, ya ɗaga waya yana ɗaukar ƙofofin gidajen mutane hoto, sannan ya kai bakinsa hannun riga.

"Jelani, ina kusa da garke. Tsohon bunsuru bai da wuya, na gama da shi. Ragon bai hito ba. Da ya hito zan ɗauke shi, kai dai ka shirya mota."

Hoto yake nufi. Amma a wannan zamani na satar mutane, baƙo da baƙin gilashi ya tsaya a unguwar mutane yana magana da hannun riga cewa zai ɗauke wani a shirya mota, ba wanda zai tsaya tambayar ko hoto ne. Mai gyaran babur ya yar da sifana.

"Infoma! Jama'a, ga infoma!"

Kafin Tukur ya juya titi ya cika. Masu shayi, masu faci, 'yan Keke, har da wani mahauci da bai tsaya ajiye wuƙa ba. Tukur ya tattare riga ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ya faɗa akori-kura ya tarar ba kowa: Jelani ya ji ihun ta waya, ya sauka ya shige cikin taron, yana ta "a kama shi" fiye da kowa. Tukur ya murɗa makulli, mota ta yi shiru irin nata. Ya leƙo ta ƙofa ya dubi masu binsa.

"Don Allah ku ɗan tura!"

Ba su tura ba. Suka zaro shi kamar zare daga allura, gilashi ya faɗi, hula ta bi shi. A nan Kananci ya tattara nasa ya nasa ya koma gida.

"Wallahi ni Basakkwace na! Tukur na, tela! Ƙohwar Taramniya anka haihe ni!"

Mai gyaran babur ya shaƙe wuyan rigar. "Ɗazu kac ce Kano."

"Ƙarya nika yi! Ku ji bakina! Hura! Hili! Hita! Huska! Wane Bakano ka iya wanga?"

Sai taron ya dare biyu. Dattijon benci ne ke tahowa a hankali, mutane na rusunawa suna "Allah gafarta Malam." Daidai lokacin wani saurayi ya tsaya da babur, da jakar makaranta a kafaɗa, ya ce, "Baba, lahiya?" Wani ya ce masa, "Saifullah, kai anka zaka ɗauka."

Tukur ya dubi saurayin, ya dubi dattijon, ya nemi ƙasa ta tsage. Ƙasar Gidan Igwai kuwa tauri gare ta.

Malam Siddiƙu, limamin unguwa kuma tsohon bunsuru, ya ce, "Ku sake shi. Ba infoma ba na, bai da wayon haka. Na san shi." Ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ɗaya riga ta rufe har yatsu, ɗaya ta tsaya a gwiwar hannu. "Ga shaidar aikinshi jikina. Watan jiya nit tahi shagonshi da kaina, don mu ma muna bincike. Nib ba shi yadi, niz zauna. Ban yi tambaya ko guda ba. Kanshi na cikin littahi, bai ko dube ni ba, amma ya ba ni tarihin gidansu tun daga kakanni, har da ranad da yayarshi tab bi shi da muciya."

Aka fashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya jira ta lafa sannan ya ce, "Rowa na ji. Tsawon sura na ji, gaban jama'ata. Abin da ban sani ba, ko saƙon gidanku na. In haka kuka ganinmu, ba dole. A kira Hajiya."

Saifullah ya sunkuyar da kai. Tukur ya tuna idon Muhsina a zaure, ya shafa kunnensa.

Hajiya Dijatu ta iso a Keke, furar da ya bari ko tsinkewa ba ta yi ba. Ta sauko, ta dubi ƙanenta duba ɗaya wanda ya sa shi ɓuya bayan mahauci, ta durƙusa daga nesa ta gaida Malam.

"Allah gafarta Malam, ni niy aiko shi, ban musu ba. Sallah nic ce shi yi, shi gaida mutane. Sauran duk nashi na. Ga shi nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ni da inda zan maishe shi. Amma ɗiyata ba ta biyo shi ba. In kun hwasa ba ku yi laihi ba, sai dai ku ce don mu na, kar a ce don ita."

Malam ya ja carbi da hannun da riga ta rufe. Sannan ya ce, "Hajiya, tun ranad da nih hito shagon nan nic ce ma Saifullah, yarinyad da tat tashi kusa da wanga bawan Allah kuma tah hito da hankalinta cikakke, ba abin da za shi gagare ta duniya. Ku sa muna rana."

Sadiyatu ta rangaɗa guɗa da ludayi a hannu. Malam ya jira ta gama ya ƙara da cewa:

"Sai dai sharaɗi biyu. Kar shi taɓa ɗinkin biki, ko na hula. Kuma gobe shi zaka shi yi asuba bayana, sahun hwarko, shi auna surar da kanshi. Tunda awo sana'arshi ta."

Tukur ya zo. Abin da Malam ya ɗauko a raka'ar farko, waɗanda suka halarta sun ce tun da suke ba su taɓa jin ya kai can ba.

Kafin sati ya zagayo Tukur ya warware. Ya shaida wa majalisa cewa kamun da aka yi masa yana cikin tsari, ƙwararre da gangan yake bari a kama shi don ya shiga cikin abokan gaba. Ba ga shi an sa rana ba? Jelani, wanda ya ce shi ma ihunsa yana cikin tsarin, ya tambayi labarin wandonsa.

Ranar ɗaurin aure masallacin Ƙofar Taramniya ya cika har waje, rabin Gidan Igwai sun zo, wasu don amarya da ango, da yawa don su ga Alhaji. Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha. Malam Siddiƙu ya juya cikin sabuwar riga mai hannuwa daidai, ya laluba taron da ido har ya gano Tukur a bayan ginshiƙi.

"Baƙonmu na bayan kasuwa, Alhaji Faruk. Mutanen Kano sun shaida?"

Tukur ya miƙe, ya gyara hula, ya tattara leɓe zai ce eh. Masallaci gaba ɗaya ya riga shi.

"Awo!"